Tushen Ƙarfin Ƙasa: Darasi Daga Masar Da Japan A Ƙarni Na 19

Gabatarwa

Manufarmu a wannan 'yar takarda ita ce mu dubi abin da ke sa wata ƙasa ta zama mai faɗa a ji a duniya, wata kuma ta zama sai yadda aka yi da ita. Mun zaɓi Masar da Japan domin dukkansu sun ga ƙarfin Turawa da idonsu, kuma sun yi niyyar kamo su. To, amma a 1882 Ingila ta mamaye Masar, alhali a 1902 Ingilar nan ce ta ƙulla yarjejeniyar ƙawance da Japan a matsayin tsara. Tambayarmu ita ce, a ina hanyoyin nan biyu suka rabu?

Yunƙurin Masar

Muhammadu Ali ya karɓi mulkin Masar a 1805, yana ƙarƙashin Sarkin Santambul. Ya kafa rundunar soja irin ta zamani, ya gina masaƙu da ma'aikatun makamai, ya buɗe maɗaba'a a Bulak, ya kuma tura ɗalibai Faransa a 1826, cikinsu har da Rifa'a al-Tahtawi. Kuɗin wannan aiki ya fito ne daga gona, watau gwamnati ita kaɗai ke sayen auduga da hatsi daga manoma a kan farashin da ta yanka, ta sayar wa 'yan kasuwar Turai da riba. Da wannan ƙarfi ya ci Sudan daga 1820, ya kuma karɓe Sham a 1831.

Sai dai ginin yana da rauni ta fuska biyu. Na farko, talaka bai ga rabonsa a ciki ba, sai aikin tilas da kamun soja, har wasu kan nakasa kansu don su tsira. Makarantun kuwa an yi su ne don samar da hafsoshi da ma'aikata, ba don yaɗa ilmi a ƙauyuka ba. Na biyu, Masar ba ta mallaki ikon kare kasuwarta ba. Yarjejeniyar ciniki ta 1838 tsakanin Ingila da Turkawa ta haramta irin wancan babakere na gwamnati. A 1840 manyan ƙasashen Turai suka tilasta masa janyewa daga Sham, aka kuma ƙayyade sojansa kada su wuce 18,000. Da soja suka ragu, sai masana'antun da aka gina dominsu suka durƙushe.

Jikansa Isma'ila ya ci gaba da gine-gine, amma da bashin bankunan Turai. An buɗe mashigin Suwez a 1869. A 1875 bashi ya sa ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar na mashigin a kan kusan fam miliyan 4. A 1876 masu bin bashi suka sa hannu a baitulmalin ƙasar. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Yunƙurin Japan

Ita ma Japan an yi mata dole. Jiragen yaƙin Amurka sun iso gaɓarta a 1853, aka kuma ɗora mata yarjejeniyoyin 1858 waɗanda suka hana ta yanka kuɗin fito yadda ta so. Bayan juyin Meiji na 1868, sababbin shugabanni suka rushe ikon sarakunan larduna a 1871, suka tura tawagar Iwakura ta zaga Amurka da Turai daga 1871 zuwa 1873 don ganin yadda ake gudanar da makarantu da kotuna da masana'antu.

Abubuwa uku ne muke ganin sun bambanta ta da Masar. Na ɗaya, ilmi: dokar 1872 ta nufi kowane yaro, namiji da mace, kuma kafin 1910 fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara suna makarantar firamare. Na biyu, kuɗi: gyaran harajin ƙasa na 1873 ya ba gwamnati tabbataccen kuɗin shiga daga cikin gida, don haka bayan rancen da ta ci a London a 1870 da 1873 ba ta sake komawa ba sai wajen ƙarshen ƙarnin. Na uku, tsari: aikin bai rataya a wuyan mutum ɗaya ba, akwai ma'aikatu da tsarin mulki na 1889 da suka ci gaba ko da shugaba ya kau. Da haka ta ci Sin a 1895, ta ci Rasha a 1905, ta kuma karɓo ikon kuɗin fitonta a 1911.

Wajibi ne mu yi wa Masar adalci. Tana kan hanyar Ingila ta zuwa Indiya, don haka ba a bar ta ta numfasa ba, ita kuwa Japan nisa da teku sun ba ta sarari. Har wa yau, manoman Japan ma sun ɗanɗana kuɗarsu wajen biyan haraji, sun kuma yi bore.

Kammalawa

Abin da muka fahimta shi ne, bindiga da jirgin yaƙi 'ya'ya ne, tushensu kuwa shi ne jama'a masu ilmi, da baitulmalin da ba ya hannun baƙi, da hukuma mai ɗorewa. Tarihin Japan kansa ya tabbatar da haka. Da ta dogara ga soja ta mamaye Koriya a 1910, ta kuma auka wa Sin a 1937, ƙarshenta ta faɗi warwas a 1945. Bama-bamai sun rushe biranenta, amma ilmin mutanenta da ƙwarewarsu suna nan, shi ya sa kafin 1970 tattalin arzikinta ya wuce na Ingila da Faransa da Jamus ta Yamma. Duk ƙasar da ke neman a ji muryarta a waje, ya kamata ta fara duba ajin makarantarta da littafin bashinta.