Daga Bugun Jijiya zuwa Ƙoda: Tarihin Wata Alaƙa

Tun zamanin Ibn Sina, wanda ya yi dogon bayani kan bugun jijiya cikin littafinsa Al-Ƙanun, likitoci ke ɗora yatsa a wuyan hannun majiyyaci. Amma sai da aka share ƙarnuka kafin a gane cewa wannan bugu na ɗauke da labarin ƙoda.

A shekarar 1827, Richard Bright na asibitin Guy's da ke Landan ya nuna cewa masu kumburin jiki, waɗanda fitsarinsu ke guda-guda idan aka ɗumama shi, ƙodarsu ce ta lalace. A 1836 ya lura cewa da yawansu zuciyarsu ta yi kauri, sai dai bai gano abin da ya haɗa gaɓoɓin biyu ba. Frederick Akbar Mahomed ne, jikan wani Ba'indiye, ya buɗe hanya a 1874. Ya gyara na'urar Bafaranshe Marey mai zana bugun jijiya a takarda, ya nuna cewa jini kan hau tun kafin fitsari ya nuna alamar ciwo.

Daga baya aka tarar ita ma ƙoda na da hannu. A 1898, a Suwidin, Tigerstedt da Bergman suka samo daga ƙodar zomo wani sinadari mai ɗaga jini, suka raɗa masa suna renin. A 1934, a Amurka, Harry Goldblatt ya matse jijiyar da ke kai jini ƙodar kare, jinin karen ya hau. Ashe hawan jini na cin ƙoda, ƙoda mai rauni kuma na ƙara hawan jini.

Saurin bugu shi ne ya shigo lissafi a ƙarshe. Jijiyoyin laka masu zaburar da zuciya su ne kuma ke sa ƙoda sakin renin. Don haka a 2018 ƙungiyoyin likitocin zuciya da na hawan jini na Turai suka sanya bugun da ya wuce 80 a minti, alhali mutum na hutawa, cikin alamun haɗari.

Ƙoda kan lalace shiru, ba zafi ba raɗaɗi. Saboda haka mai hawan jini da ya je awo, kada ya tsaya ga lambobi biyun da aka saba faɗa masa. Ya tambayi adadin bugun zuciyarsa, ya kuma nemi gwajin fitsari, wanda Bright ya riƙa yi da cokali da wutar kyandir.