Zaiba: Kyan Ɗan Maciji

A cikin ƙarafan da ɗan Adam ya saba da su, zaiba ce kaɗai take zama ruwa ba tare da an sa ta a wuta ba. Tana ƙyalli kamar azurfa, nauyinta ya ninka na ruwa fiye da sau 13, in kuma ta zube sai ta warwatse ƙanana-ƙanana tana gangarawa. Da wuya yaro ya gan ta bai kai hannu ba. Amma kyanta na ɗan maciji ne, gama tiririn da yake tashi daga jikinta ba shi da launi, ba shi da wari, ga shi kuwa guba ne.

Sunanta na Hausa daga Larabci aka aro shi, amma labarinta ya girmi wannan aro nesa ba kusa ba. Masanin tarihin ƙasar Sin, Sima Qian, ya rubuta cewa an shirya koguna na zaiba a cikin kabarin sarki Qin Shi Huang, wanda ya rasu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa. Tun zamanin Rumawa ake haƙo ta a Almaden ta ƙasar Sifen. Darajarta ta daɗa hauhawa a 1554, sa'ad da Bartolome de Medina ya fito da dabarar tace azurfa da ita a Meziko. Asirin abin shi ne zaiba takan kama zinariya da azurfa, ta bar ƙasa da tsakuwa. Daga baya ta shiga gidaje da asibitoci, bayan Fahrenheit ya ƙera ma'aunin zafi mai aiki da ita a 1714.

An daɗe ana ganin illarta ga mahaƙa, amma ba a lura da ta yara ba sai can baya. A farkon ƙarni na 20 wata cuta ta addabi jarirai a Ingila da Ostareliya da Amurka. Tafin hannu da na ƙafa su yi ja suna saɓulewa, yaro ya yi ta kuka, ya ƙi haske, ya ƙi abinci, wasu har su mutu. Sai a 1948 masana biyu, Warkany da Hubbard, suka nuna cewa zaiba ce sanadi, watau wadda ake haɗawa cikin hodar da ake ba jarirai lokacin haƙori. Da aka janye hodar daga kasuwannin Ingila a 1954, cutar ta kusa ɓacewa gaba ɗaya.

Shekara biyu bayan haka, a 1956, aka kai wata yarinya 'yar shekara 5 asibiti a garin Minamata na ƙasar Japan, ba ta iya tafiya ko magana sosai. Masana'antar Chisso ce ta yi shekaru tana zubar da dagwalo mai zaiba cikin teku, gubar ta taru a jikin kifi, har aka riƙa haihuwar jarirai da naƙasa. A watan Yuni na 2000 kuma, wata babbar mota da ta taso daga mahaƙar zinariya ta Yanacocha a ƙasar Peru ta zubar da zaiba wajen kilo 150 a kan hanyar da ta ratsa ƙauyen Choropampa. Mutane, har da yara, suka yi ta tsinta suna kaiwa gida a zaton dukiya ce. Ɗaruruwa suka kamu da ciwo.

A ƙasar Hausa, haƙar zinariya ce babbar ƙofar da zaiba take shiga gida. Sa'ad da farashin zinariya ya tashi, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara suka riƙa kawo duwatsu cikin gida suna dakawa, suna niƙawa, suna wankewa, sa'an nan su cuɗa da zaiba su ƙona dunƙulen, zaibar ta tashi ta bar zinariya. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna ta mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Yara wajen 400 suka rasu. Dalmar da ke cikin duwatsun ce ta hallaka su, ba zaiba ba, amma binciken ya tona yadda gubobin biyu suka zauna a tsakar gidan da yara suke rarrafe. Da taimakon sarakuna da hakimai aka fitar da aikin bayan gari, aka kankare ƙasar gidaje, aka kuma share Bagega a 2013.

Likitoci sun bayyana dalilin da ya sa shaƙa ta fi haɗari. Zaibar da aka haɗiye kaɗan ce take shiga jini, amma wajen kashi 80 cikin 100 na tiririn da aka shaƙa yana ratsa huhu, ya kai ga ƙwaƙwalwa da ƙoda. Yaro ya fi kusa da ƙasa, numfashinsa ya fi sauri, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ginuwa ba. Alamun sun haɗa da rawar hannu, da kumburin dasashi, da rashin barci, da yawan fushi, da dusashewar karatu.

Saboda haka ne ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Minamata a watan Oktoba na 2013, ta fara aiki a watan Agusta na 2017. Nijar ta tabbatar da ita a 2017, Nijeriya a 2018. Ta tsayar da 2020 don daina ƙera ma'aunin zafi mai zaiba, ta kuma nemi a rage amfani da ita wajen haƙar zinariya.

Amma doka ba ta shiga ɗaki, sai masu gida. Kada a ajiye zaiba inda ake kwana, kada a ƙona ta a murhun girki, kada yara da masu juna biyu su kusanci wurin ƙonawa. Mahaƙi ya tuɓe tufafin aiki kafin ya dawo gida. In ma'aunin zafi ya fashe, a fitar da yara, a buɗe tagogi, kada a sa tsintsiya, gama tana daɗa warwatsa ta. A tattara da takarda mai kauri, a zuba a kwalba mai murfi, a miƙa wa ma'aikatan lafiya. Tabarmar da ta zuba a kai a rabu da ita. Daga Ingila har Zamfara, yara ba su sami sauƙi ba sai da aka fitar da gubar daga cikin gida.