2.3 Tsohon Birni da Ragowar Addinin Gargajiya a Ƙasar Daura

Tsohon Birni wani ƙauye ne da ke arewa da garin Daura, tafiyar 'yan kilomitoci. Wanda ya gan shi a yau ba zai ɗauka cewa ya taɓa zama mazaunin sarauta ba, amma labarun baka na masarautar sun nuna cewa a nan ne aka kafa mulkin farko, tun kafin a san birnin Daura na yanzu. Mata ne suka riƙe wannan mulki, ana kiran kowacce Magajiya. Ta farkonsu ita ce Kufuru, daga nan sai Gino da Yakumo da Yakunya, har aka zo kan Daurama wadda ita ce ta tara a jerin. Ita ce aka ce ta tashi daga Tsohon Birni ta kafa sabon gari, garin kuma ya ci sunanta.

Sarautar Magajiya ba ta tsaya ga sha'anin mulki kaɗai ba. A wancan zamani jama'a suna bautar iskoki, waɗanda suka yi imani suna zaune a rijiyoyi da duwatsu da manyan itatuwa irin su kuka da tsamiya. Idan aka dubi labarin rijiyar Kusugu ta wannan fuska, za a ga cewa macijin da ake kira Sarki ya fi kama da abin bauta mai tsare ruwa, ba dabbar da ta faɗa rijiya kawai ba. Kashe shi da Bayajida ya yi, da auren sarauniya, da komawar mulki hannun ɗansu Bawo da zuriyarsa maza, duk suna nuni ga sauyin addini da na siyasa a lokaci guda. Wani abin lura shi ne, an ce macijin ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Wannan rana kuwa ta Musulmi ce, don haka da alama an sake wa labarin riga bayan zuwan Musulunci.

Masana ba su haɗu a kan matsayin labarin ba. Hallam (1966) ya danganta Bayajida da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Afirka ta Arewa ya mutu a shekarar 947. Abdullahi Smith (1970) kuwa yana ganin daulolin Hausa sun tsiro ne daga cikin gida, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni. Tarihin Tsohon Birni ya fi ƙarfafa ra'ayi na biyu, domin ko a cikin labarin kansa, baƙon ya tarar da gari da sarauta da maƙera a ƙasa.

Jihadi ya girgiza wannan gado. A shekarar 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fice, danginsa suka ci gaba da sarauta a Zango da Ɓaure. Sai a 1906 Turawa suka mayar da gidan Haɓe kan karaga ta hanyar naɗa Malam Musa. Wannan ne ya sa Daura ta riƙe abubuwan da suka raunana a wasu masarautu, kamar sarautar Magajiya da bikin Sallar Gani, wanda ake yi a watan Rabi'ul Awwal tare da Mauludi. Kusugu ta sami gini da masu kula da ita, baƙi kuma suna zuwa shan ruwanta. Tsohon Birni, wanda ya girme ta a labarin, bai sami irin wannan kulawa ba.