Bindigar kaka da ke tsatsa a ƙarƙashin gado

 

Abin da ya kawo rubutun ga, wani abu ne da munka gani da idonmu. Kwanan baya mun je ɗaukar shiri a wani ƙauye kusa da nan. Da munka gama hira, dattijon da ya sauke mu ya shiga ɗaki, ya jawo wani dogon abu naɗe cikin tsohuwar tabarma. Da ya kwance, sai ga bindiga, doguwa, ta kusa kai tsawon mutum. Gara ta ci gefen ƙotarta, bakinta ya yi ja da tsatsa. Ya ce ta mahaifinsa ce, shi ma gado ya yi. Munka ce: "Baba, me ya sa kake ɓoyon ta haka?" Sai ya nuna ɗansa da haɓa. Ashe ɗan ya fi wata uku yana matsa masa a jefa ta tsohuwar rijiya, don kada wata rana a zo bincike a same ta, a ce gidansu gidan ƴan bindiga ne.

Ba mu ga laifin yaron ba. Kowa ya san halin da ake ciki a bakin iyakarmu da Sakkwato da Kabi. Amma mun dawo gida abin yana damunmu. Gida nawa ne a Arewa anka riga anka jefa irin wannan a rijiya ko a masai, ba wanda ya tambayi labarinta?

Mu fara da kalmar kanta. Yau in an ce "ƴan bindiga" a rediyo, gaban kowa faɗuwa yake. Amma a fadar Kano da ta Katsina, ƴan bindiga jama'ar sarki ne, masu sarkinsu, waɗanda ke tafiya cikin hawan salla suna sakin albarushi sama, hayaƙi ya turnuƙe, mata na guɗa, yara na toshe kunne suna dariya. Har gobe suna nan. Cikin ƴan shekaru kaɗan miyagu sunka ƙwace sunan.

To, ta ina bindiga ta shigo ƙasar Hausa? Hanya biyu. Ɗaya ta hamada, daga Tarabulus, a bayan raƙuma, zuwa Agadas, Damagaram da Kano. Ɗaya ta bakin teku, inda Turawa ke sayar da ita, fatake su hauro da ita ta Nupe ko ta hanyar Gwanja, tare da goro. Mafi yawan bindigogin ga a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam ake ƙera su, don kasuwar Afirka kawai, masu araha. Ita ce wadda muke kira adaka, wasu su ce harba-ka-ruga. Sunan ma ya ishe ka bayani. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura tsumma, a zuba harsashi ko guntayen ƙarfe, a daka da sanda. In an ja kunama, ƙanƙarar dutse ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya kama albarushi. Harbi ɗaya ke nan. Kafin ka sake ɗuri, in abin da ka harba bai faɗi ba, sai ƙafa. In kuwa ruwan sama ya taɓa ta, ta zama sanda.

A ƙarni na 19, sarkin da ya fi kowa ɗaukar bindiga da muhimmanci a ƙasar da ta zama Nijar shi ne Tanimu na Damagaram, wanda ya rasu a 1884. Ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi a cikin birni, har igwa anka ƙera masa. Mu nan Arewa ba haka abin yake ba. Ƙarfinmu baka ne da kibiya mai dafin kwankwani, da mashi, da takobi, da doki ga mai hali. Zamanin Samna Ƙarhe na Tibiri, lokacin da Arawa da Zabarmawa da Kabawa sunka haɗa kai sunka yi ta gwabzawa da Gwandu a tsakiyar ƙarnin, kwari da baka ne kayan yaƙin talaka. Kuma ba wauta ba ce: kafin mai adaka ya gama ɗuri ɗaya, gwanin baka ya saki kibiya da yawa, ba ƙara, ba hayaƙi, ba ya jiran fatake su kawo masa albarushi. Bindiga a lokacin abar nuna isa ce, da tsorata dawaki.

A can Turai kuwa abin ya riga ya sake. A 1874 sojan Faransa ya karɓi bindigar Gras, wadda ake sa mata harsashi na ƙarfe ta baya, ba daka, ba tsumma. A 1886 sai ga Lebel, mai cin harsashi 8, da sabon albarushi marar hayaƙi. Sannan a 1890 ƙasashen Turai sunka zauna a birnin Bruxelles sunka sa hannu a wata yarjejeniya. Da sunan hana cinikin bayi anka yi ta, amma a ciki an hana sayar wa mutanen yankinmu bindigogin zamani. Abin da anka bari a sayar mana shi ne adaka mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ku lura da wannan da kyau: shekara 9 kafin su iso ƙasarmu, sun riga sun yanke irin makamin da za su tarar a hannunmu.

Sun iso a 1899. Ayarin Voulet da Chanoine, da ya taso daga bakin Kwara zai nufi tafkin Cadi, ya ratso Arewa yana ƙone garuruwa. A tsakiyar watan Afrilu sunka kai Lugu, garin Sarauniya Mangu. A lakwal an koya mana sunanta, wasunmu sun karanta littafin Abdoulaye Mamani na 1980, wasu sun ga fim ɗin Med Hondo na 1986. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne lissafin ranar. Bayanan Faransawan da kansu sun ce sun ƙone harsashi wajen 7000 a Lugu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Mutanen Sarauniya sun janye cikin kurmi, inda kibiya ta fi bindiga amfani, sunka tsaya a nan. An ci garin da wuta, amma ba a kama ta ba. Daga nan ayarin ya wuce Birnin Ƙonni a watan Mayu, inda ya yi kisan da har yau ba a manta ba. Ƙarshensu kuwa, bindigar tasu ce ta ci su: ranar 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa anka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsai da su, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu sunka harbe Chanoine da Voulet. Kaburburansu na Maijirgi, a ƙasar Tasawa.

Da mulkin mallaka ya zauna, riƙe bindiga ya koma sai da takarda daga kwamanda. Adaka ta bar fagen yaƙi ta koma hannun maharba. A nan ne ta yi rayuwarta mafi tsawo, kuma mafi yawan waɗanda ke gidajenmu yau na wannan zamanin ne. Maƙeranmu sun koyi gyaranta, daga baya sunka koyi ƙera ta ɗungum, wani lokaci da bututun ruwa ko na sitiyarin mota. Maharbi na fita da ita neman zabo, zomo, gada da barewa, yana korar kura daga garke da biri daga gona. Ba kowa ke taɓa ta ba. Tana da layunta ɗaure a ƙota, tana da wurin ratayarta, yaro ba ya tsallake ta. Masu hali kuma, sarakuna da ƴan kasuwa da ma'aikata, sai su sayi ta Turawa mai cin kartush, kalibar 12. Wadda ta fi yaɗuwa a ƙasashen renon Faransa ita ce Simplex mai baki ɗaya, ta kamfanin Manufrance da ke Saint-Étienne. Daga baya Baikal ta Rasha ta shigo. In kun duba jikin ta gidanku, wataƙila ku ga sunan a rubuce.

Yau dajin ya ƙare, namun sun ƙare, gonaki sun cinye fadama da tudu. Dokar farauta ta 1998 ta ƙayyade abin da za a harba da lokacin harbinsa. Maharban sun tsufa, ƴaƴansu na kabu-kabu ko suna ci-rani. Bindigar ta koma ƙarƙashin gado.

Ga abin da ya fi ba mu mamaki. A Faransa, irin bindigar Gras ɗin nan ta zamanin Lugu yanzu kayan tarihi ce. Dokarsu ta sa mafi yawan bindigogin da samfurinsu ya girmi shekarar 1900 cikin kayan ajiya na masu sha'awa. Akwai mutanen da abin da ke ɗebe musu kewa ke nan: su saye ta, su goge, su shafa mai, su binciki lambarta su san shekarar da anka ƙera ta da masana'antar da ta fito, ranar hutu su je filin harbi na ƙungiyarsu su harbi takarda. Jikokin masu Gras sun san tarihin tasu har lamba. Mu jikokin masu adaka muna neman rijiyar da za mu jefa tamu.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu ce kowa ya fito da bindiga ya yi ta harbi ba, Allah ya kiyaye. Ƙasar ga ta sha wahalar makamai. Tun 1994 akwai hukumar ƙasa mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, kuma a watan Satumba na 2000 an tara bindigogi fiye da dubu an ƙone su a Agadas don tabbatar da zaman lafiya. Wannan aiki ne mai kyau. Riƙe bindiga ba izini laifi ne, ko ta kaka ce. Abin da muke cewa shi ne, tsakanin ɓoyo da jefawa rijiya akwai hanya ta uku.

Da farko, a ji tsoronta. Tsohuwar adaka sau da yawa a ɗure mai ita ya rataye ta, ya rasu ba wanda ya sani, kuma albarushi na iya kamawa bayan shekaru masu yawa. Kada a leƙa bakinta, kada a nuna ta ga mutum ko da wasa, kada a kai ta kusa da wuta, kada a bar yara su ja kunama. Kada kuma wani ya ce zai gwada ta da albarushin kartush na zamani. Ƙarfen bai iya ɗauka, fashewa yake a hannu, kuma duk wanda ya girma cikin maharba ya san mai guntun yatsu. Tsohon maharbi ko maƙerin da ya san aikin shi ya kamata ya duba ta.

Na biyu, a bi ta hannun hukuma. A sanar da mai gari, shi ya san yadda zai kai maganar ga sarki, da magajin gari, da jandarma. Wanda ya kai kansa da rana tsaka ya fi wanda anka samu da dare.

Na uku, kuma shi ne ya fi damunmu, a ɗauki labarin. Kusan kowane gida yanzu akwai waya mai hoto. A ɗauki hotonta, da rubutun da ke jikinta in akwai. A zauna da tsohon, a kunna rikoda: wa ya saye ta, a wace kasuwa, da kuɗi ko da sa, wane maƙeri ya gyara ta, me ta taɓa kashewa, wane kirari ake yi wa mai ita. Ko da ƙarfen ya tafi, wannan ya zauna.

In kuma hukuma ta yarda a ajiye ta bayan an kashe bakinta, kulawar ba wuya. A raba ta da ƙasa saboda gara da laima, a goge tsatsar a hankali da tsumma da ɗan mai, kada a kankare ta da ƙarfe har rubutun ya goge, kada a shafa mata fenti. Akwai gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai tun 1959, akwai na jiha a Dosso. Me zai hana Arewa ta samu ko ɗaki ɗaya, a meri ko a fada, inda za a jera adaka da kwari da baka da garkuwa, kowanne da sunan gidan da ya fito, ƴan lakwal su zo su gani? Wannan roƙo ne muke miƙa wa sarakunanmu da magadan gari.

Shi dai dattijon namu, mun rabu a kan zai je wurin mai gari tare da ɗan nasa. Kafin mu tashi mun kunna rikoda, ya yi mana kusan awa guda yana ba da labarin mahaifinsa da wata kura da ta addabi garinsu. Ɗan yana zaune yana ji. Ya ce mana bai taɓa jin labarin ba sai ranar.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Duk wanda ke da irin wannan a gidansu, ya tambayi tsofaffi tun suna raye, ya aiko mana da labarin, ba sai ya faɗi suna ko gari ba, za mu karanta a shiri. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Amin.