Tsara Sakatariya da Dandalin Jama'a a Jakusko: Fili, Zafi da Mai Jiran Takarda

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abubuwan da ya kamata su ja ragamar tsara sabuwar sakatariyar ƙaramar hukuma da dandalin taron jama'a a garin Jakusko, cikin Masarautar Bade ta Jihar Yobe. Ta yi la'akari da ayyukan da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma, da yanayin ƙasar da ke tsakanin Potiskum da Gashuwa, da gadon gine-ginen hukuma na Borno da ƙasar Hausa. Matsayar maƙalar ita ce, mutumin da ya taso daga ƙauye ya zo jiran takarda shi ne ya cancanci a fara yi wa zane, kafin a zo kan ofishin shugaba.

Wuri da tarihinsa

Jakusko ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 17 na Jihar Yobe, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Borno a ranar 27 ga Agusta, 1991. Faɗin ƙasarta ya kusa murabba'in kilomita 4,000, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta kimanin mutum 230,000, abin da ke nufin jama'a a warwatse suke cikin ƙauyuka da rugage, kuma mafi yawansu sai sun yi tafiya mai nisa kafin su iso hedkwata. Ita da Ƙaramar Hukumar Bade su ne suka haɗu suka zama Masarautar Bade, wadda fadarta take Gashuwa, ko da yake tsohon birnin Badawa mai ganuwa, wato Gogaram, wanda Lawan Babuje ya kafa a ƙarni na 19, a cikin ƙasar Jakusko yake, kuma daga can ne fadar ta koma Gashuwa a ƙarshe-ƙarshen mulkin Turawa.

Wannan hijira ta fada tana da nasaba da batun da ake nazari, domin a tsohon tsari ginin hukuma ba ya rabuwa da ƙofar sarki. A Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, da Maiduguri bayanta, dandal shi ne faffaɗan filin da ya miƙe daga ƙofar fada, inda ake hawan salla, ake yin shela, ake tarbar baƙi. A Kano da Zariya ma gidan sarki da masallacin Juma'a da kotun alƙali kusa da juna suke. Ofisoshin En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, da baitulmalinta, galibi sun bi wannan sawu. Gyaran fuskar 1976, wanda ya mayar da ƙananan hukumomi mataki na uku na gwamnati bisa tsari guda a duk Nijeriya, shi ya raba gari da hukumarsa a fili: aka riƙa yankar fili a bakin hanya a wajen gari, a jera ofisoshi na bulo da kwano, a kewaye da katanga, kusan da zane iri ɗaya daga Sakkwato har bakin Tafkin Chadi.

Aikin da ginin zai yi

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, waɗanda suka haɗa da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da raɗa wa tituna suna, da kuma sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. Duk wanda ya karanta jerin da idon mai zane zai lura cewa kusan kowane aiki a ciki hulɗa ce ta fuska da fuska da talaka, amma zanen da aka saba gani a Arewa yana ba ofishin ciyaman da na sakatare da na ma'aji mafi kyawun kusurwa, ya bar mai buƙata a baranda mai faɗin taku biyu.

Abin da ke faruwa a ƙofar irin wannan gini da safiyar Litinin sananne ne. Dattijo ya kawo ɗansa neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, domin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ko masu ɗaukar soja sun nema. Sai an bi ta hannun bulama da lawani da hakimi kafin a iso nan, kuma in jami'in da zai sa hannu bai fito ba, sai a shimfiɗa tabarmar kaba a gindin maina a jira har azahar. A gefen katanga mai ɗaukar hoton fasfo da mai buga takardu a kwamfuta da mai shayi sun kafa rumfunansu, mace mai goyo kuwa ba ta da inda za ta kewaya. Waɗannan mutane su ne ainihin masu amfani da ginin, rumfunan nan kuma shaida ce ta ɗakunan da mai zane ya manta bai zana ba. Saboda haka takardar buƙatu, wato bayanin da ake miƙa wa mai zane kafin ya ja layi ko ɗaya, ya kamata ta fara da ƙirga masu zuwa a ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, da lokacin rabon taki, da lokacin rajistar masu zaɓe, sa'an nan a auna wurin jira da banɗakunan maza da na mata da wurin alwala bisa ranar da ta fi cika.

Zaɓen fili

A ƙasar Bade ruwa ne yake da maganar farko. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna bazuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru kafin su haɗu su zama Kogin Yobe a kusa da Gashuwa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa, malalar damina ta daina bin tsohuwar al'adarta. Ambaliyar 2022 ta ci gidaje da gonaki a wannan yanki, ta kuma nuna cewa gine-ginen gwamnati su ne mafakar farko da jama'a ke gudu zuwa gare su. Ke nan sakatariyar da ruwa zai iya yanke hanyarta ta gaza tun kafin a buɗe ta. Ana buƙatar safiyo ya auna tudu da gangaren filin, a tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa, a ɗaga daɓen ginin sama da wannan alama, a kuma tabbatar cewa hanyar da ta haɗa shi da babban titin Potiskum zuwa Gashuwa tana da kwalbatin da zai ɗauki ruwan sama mai ƙarfi.

Ƙarƙashin ƙasa ma yana da tasa magana. Jigawa mai rairayi tana shanye ruwa amma tana zaizayewa a gindin bango, laka ta fadama kuwa tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta tafi da fandisho tare da ita, don haka gwajin ƙasa, wanda 'yan kwangila kan so a tsallake saboda kuɗinsa, shi ne mafi arahar inshora a duk aikin. Ta fuskar doka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a wuraren da gwamna bai ayyana su a matsayin birni ba, amma diyyar da ta tanada ta abin da aka shuka ko aka gina ce, ba ta ƙasar kanta ba, kuma a nan ne rigima da masu gonakin gado takan taso. Fili mai matsakaicin girma a cikin gari, wanda mai ƙafa zai iso daga tasha da kasuwa, ya fi makeken fili a bayan gari, ko da na biyun ya fi sauƙin samu.

Zafi, iska da kayan gini

Jakusko tana kusa da layi na 12 arewa da tsakiyar duniya, zafin bazara a watannin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, damina kuma gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba. A irin wannan wuri ginin da ya miƙe daga gabas zuwa yamma, mai gajerun bangaye a waɗannan ɓangarori biyu, ya fi tsira daga ranar hantsi da ta la'asar. Sai dai akwai abin da littattafan da aka rubuta don ƙasashen Turai ba sa faɗa: daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ratsawa ta arewacin tsakar ka, don haka bangon arewa ma yana buƙatar baranda ko rumfa kamar na kudu. Hadari kuwa daga gabas yake tasowa da iska mai ɗage kwano, abin da maginan gargajiya suka daɗe da sani, shi ya sa suke ƙara wa bangon gabas kariya. Hunturu yana kawo ƙura daga arewa maso gabas, wadda ita ce babbar abokiyar gabar kwamfuta da takardun ajiya. Ɗakin adana fayiloli, saboda haka, wurinsa tsakiyar gini ne, nesa da tagogi, a kan daɓe mafi tsayi.

Rufi shi ne ya fi kowane sashe shigo da zafi. Dabarar da Francis Kéré ya yi amfani da ita a makarantar firamaren Gando a Burkina Faso a 2001, wato ɗaga kwano sama da silin na ƙasa a bar iska tana ratsawa tsakani, ta dace da wannan yanayi, muddin an ɗaure ƙarafan yadda guguwar farkon damina ba za ta yi awon gaba da su ba. Game da bango, misalin da ya fi kusa shi ne Cibiyar Hikma ta garin Dandaji a yankin Tawa na Nijar, wadda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka zana aka kammala a 2018, inda aka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka gina sabo da bulon ƙasa matsattse, wato wanda inji ke dannewa ba tare da an gasa shi ba. Amma kwaikwayo ido rufe ba zai yi ba, domin jar ƙasar da irin wannan bulo ke so ba ta wadata a arewacin Yobe, dutse da tsakuwa ma daga nesa ake ɗauko su, kuma kuɗin tipa yakan cinye ribar da ake zato. Yankin yana da nasa gado: kufan Birnin Ngazargamu da na fadar Gambaru, dukansu a cikin Yobe ta yau, sun nuna cewa an gasa jan bulo a bakin Kogin Yobe tun ƙarni na 16. Laka ba ta yi ƙaranci ba har gobe, makamashi ne matsala, domin gasa bulo da itace a ƙasar da hamada ke ci ba shawara ce da mai hankali zai bayar ba, sai dai in an gwada ɓuntun shinkafar da ake zubarwa a injinan casa na Gashuwa da Nguru.

Zaure, dandali da tsaro

A gidan Bahaushe zaure shi ne inda na waje yake da haƙƙin zama ba tare da ya shiga cikin gida ba, kuma wannan shi ne tsarin da ya fi dacewa da sakatariya. Sashe na farko ya zama fili mai inuwar maina da tsamiya, a buɗe ga kowa, tare da shagunan haya na masu hoto da buga takardu da abinci, waɗanda kuɗin hayarsu zai shiga aljihun hukuma. Na biyu babban zauren jira mai tagogin karɓar buƙatu, inda za a gama yawancin hulɗa a wuri guda, da sanarwa ta baki da ta alama domin Babade da Bafulatani da Bamange da ba su karanta boko ba. Na uku, can ciki, ofisoshi da baitulmali. Zauren majalisar kansiloli ya kamata ya kasance a kan iyakar sashe na biyu, da kujerun 'yan kallo, tun da sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki zaɓaɓɓiyar majalisa ya lamunce, kuma majalisar da mazaɓa ba sa iya leƙa zamanta ta rage daraja.

Ba a raina batun tsaro a jihar da ta ga hare-haren Damaturu na Nuwamban 2011, waɗanda suka fi auka wa gine-ginen hukuma. Sai dai katanga mai tsawo da ƙofa guda tana tara jama'a a waje cikin rana, wanda shi kansa haɗari ne, alhali tsarin sassa uku yana ba da damar tsananta bincike a ƙofar ciki kaɗai. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara, wa'adin kuma ya cika. Tun da ambaliya ta tilasta a ɗaga daɓe, dole a zana gangaren keken guragu tun farko, mita 12 na tsawo ga kowace mita 1 ta hawa, a kuma guji bene in ba dole ba.

Kuɗi da kulawa

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sa wasu na hangen manyan gine-gine, amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, kuma albashi ne ke lashe mafi yawan abin da ke shigowa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: babban ɗakin taro mai kujeru dubu da na'urorin sanyaya ɗaki, wanda za a buɗe sau uku a shekara, dizal ɗinsa kaɗai ya isa ya hana a gyara famfo. Rumfa mai tsawon rufi, buɗaɗɗiya ta gefe, wadda za ta ɗauki taron sulhun manoma da makiyaya, da horar da masu rigakafi, da walimar aure ta haya, ta kuma zama masaukin wucin gadi ranar ambaliya, ta fi amfani. A fara da rijiyar burtsatse mai sola da dashen itatuwa tun kafin a haƙa fandisho, domin maina tana buƙatar 'yan shekaru kafin ta yi inuwa. Zauren jira da banɗakuna su biyo baya, sai zauren majalisa da ofisoshi, kowane mataki a zana shi yadda zai yi aiki ko da kuɗin na gaba ya makara, kuma kowane kwan fitila da makullin ƙofa da kan famfo ya zama irin wanda ake samu a kasuwar Gashuwa.