Jerry Wexler da Kiɗan Baƙaƙen Amurka

Kafin shekarar 1949, mujallar Billboard ta Amurka tana jera waƙoƙin baƙaƙen fata ne a ƙarƙashin wani take mai ma'anar faya-fayan launin fata. Wani ma'aikacin mujallar mai suna Jerry Wexler, Bayahude da aka haifa a New York a 1917, shi ya kawo shawarar a maye gurbin taken da "rhythm and blues". Sabon sunan ya bar zancen launin mawaƙi, ya koma kan kiɗan da kansa.

A 1953 Wexler ya zama abokin hannun jarin Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya, a kamfanin Atlantic Records. Aikinsa shi ne zaɓen waƙa, tara makaɗa, da sa ido a ɗakin naɗar sauti har a sami abin da kunne ke nema. Ray Charles da Ruth Brown da Big Joe Turner duk sun yi aiki da shi.

Gwanintarsa ta fi bayyana a kan Aretha Franklin, wadda ta shekara shida a kamfanin Columbia tauraronta bai haska sosai ba. A Janairun 1967 ya kai ta Muscle Shoals a jihar Alabama, ya bar ta ta kaɗa piyano da hannunta, ta rera yadda ta saba a cocin mahaifinta a Detroit. A shekarar nan waƙarta "Respect" ta hau matsayi na ɗaya a ƙasar.

Sai dai wannan tarihi yana da tabo. A 1967 aka sayar da Atlantic, Wexler na cikin masu goyon bayan cinikin. Daga baya ne ƙaramin kamfanin Stax na Memphis ya gano cewa yarjejeniyar da ya ƙulla da Atlantic a 1965 ta mallaka wa Atlantic ainihin faya-fayansa, har da na Otis Redding. Ruth Brown kuwa, wadda waƙoƙinta suka ɗaga kamfanin tun yana ƙarami, ta kai ga yin aikatau, kuma sai a 1988 aka sake lissafin haƙƙinta bayan doguwar gwagwarmaya.

Wexler ya rasu a Florida a 2008. Sunan da ya raɗa yana nan har yau, haka ma takaddamar wanda ya mallaki murya bayan an naɗe ta.