Babbar taya a kan tsohuwar mota: wani ɓangare na tarihin sufuri a ƙasar Damagaram

1. Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Damagaram sun yi aiki mai yawa a kan ayari da raƙumi. André Salifou, a 1971, ya bayyana tsarin daular a ƙarni na 19. Stephen Baier kuma, a 1980, ya bi diddigin tattalin arzikin tsakiyar Nijar tun daga fataucin Sahara har zuwa zamanin gyaɗa. Mota ba ta samu kulawa daidai da wannan ba, balle aikin kanikawan da suke sake mata siffa domin ta iya shiga rairayi. Manufar wannan maƙala ita ce duba abu guda daga cikin wannan aiki, wato ɗora wa tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu ko shida tayoyin da suka fi nata na asali girma. Za mu nuna cewa wannan gyara yana da tarihi, kuma ya tsaya ne a madadin hanyar da ba a shimfiɗa ba. Daga nan sai mu duba wanda yake ɗaukar asararsa.

Yanayin ƙasar shi ne tushen maganar. Manyan hanyoyi sun ratsa jahar daga Yamai zuwa Gure da Difa, daga birnin Damagaram zuwa Tanut da Agadas, da kuma kudu zuwa Matamai da Magarya. Wanda ya sauka daga kansu ya nufi ƙauyukan gundumar Damagaram Takaya, ko ƙasar Kutus, ko Taskar da dutsen Tarmit, to da rairayi zai yi ciniki.

2. Daga raƙumi zuwa mota

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, birnin Damagaram babban zango ne a kan hanyar da ta haɗa Kano da Ayar da Gat har Tarabulus. Abin hawan wannan hanya shi ne raƙumi, wanda yake ɗaukar kaya kimanin kilo 150. Tafin ƙafarsa yana baje wa idan ya taka, saboda haka nauyinsa yana rarrabuwa a kan fili mai faɗi, ba ya nutsewa. Duk tarihin da za mu bayar a ƙasa ƙoƙari ne na samar wa ƙarfe abin da raƙumi yake da shi tun asali.

Faransawa sun ci birnin a 1899. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar ce kuma Italiya ta auka wa Tarabulus. Hajar Turai ta koma shigowa ta teku da dogo, fataucin arewa ya ja da baya. Raƙumi bai ɓace ba: ya ci gaba da ɗauko gishirin Bilma da Fashi, ya kuma shiga dakon gyaɗa zuwa kudu. Amma gwamnatin mulkin mallaka tana neman hanyar da za ta haɗa Aljeriya da bakin Tafkin Cadi cikin kwanaki maimakon watanni, kuma mota ta sa wa ido.

3. Maganin masana'anta

Kamfanonin Faransa sun gwada dabaru uku. Ta farko ita ce ta Citroën, wanda ya cire ƙafafun baya ya sa ɗamarar roba mai juyawa irin ta tankar yaƙi. Da irin waɗannan motoci biyar aka ƙetare Sahara daga Tugurt zuwa Tambutu tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923. A ƙarshen 1924 wasu takwas, ƙarƙashin Haardt da Audouin-Dubreuil, suka biyo ta birnin Damagaram, wanda a lokacin shi ne mazaunin gwamnan Nijar, a kan hanyarsu ta zuwa Cadi. Ɗamarar ta iya rairayi, sai dai tana saurin cinyewa kuma ba ta da gudu.

Dabara ta biyu ta Renault ce: mota mai ƙafa shida, kowace ƙafa da taya biyu, wato taya goma sha biyu. Da ita Gaston Gradis ya ƙetara zuwa kogin Kwara a 1924. Ta uku, wadda ta ɗore, ita ce taya mai faɗi wadda ake rage wa iska. Baturen Ingila Ralph Bagnold da abokansa sun tabbatar da amfanin rage iska a hamadar Masar da Libiya, da ƙananan motocin Ford, a ƙarshen shekarun 1920 da farkon na 1930. A 1933 Georges Estienne ya kafa kamfanin SATT, wanda motocinsa suka riƙa ɗaukar fasinja daga Aljeriya ta Tamanrasat da Agadas zuwa Damagaram da Kano.

Dalilin nasarar dabara ta uku lissafi ne mai sauƙi. Faɗin gurbin da taya take takawa ya yi kusa da nauyin da ke kanta a raba da matsin iskar da ke cikinta. Ƙafar da take ɗauke da kilo 600, in an ba ta iska bar 3, za ta taka kimanin murabba'in santimita 200. In an rage zuwa bar 1, gurbin ya doshi 600. Amma ƙaramar taya ba ta jure irin wannan ragi da kaya a kanta, domin gefenta yana lanƙwashewa, ya yi zafi, ya fashe. Babbar taya ce take da sararin da za a rage mata iska ta ci gaba da ɗaukar nauyi.

Neman man fetur a Saharar Aljeriya ya kai wannan dabara ƙarshenta. A 1957 Berliet ya fitar da T100, wadda tsayin kowace tayarta ya haura mita 2. Tsakanin Nuwamba 1959 da Janairu 1960 kuma motoci tara na wannan kamfani, masu ja da ƙafa shida, waɗanda ake kira Gazelle, suka ratsa Tenere daga Janet zuwa Tafkin Cadi. Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan motoci an zana injin da giya da birki da sandunan ƙafa ne tare da tayar, kowane daidai da ɗan'uwansa.

4. Maganin garaji

Bayan samun mulkin kai a 1960, kuɗin hanya ya tafi inda gwamnati take da buƙata ta gaggawa: hanyar haɗin kan ƙasa zuwa Gigimi, wadda Kanada ta taimaka wa a shekarun 1970, da hanyar yuraniyom daga Tawa zuwa Arlit, wadda aka gama a farkon shekarun 1980. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, sun halaka dabbobi masu yawa, aka kuma kai taimakon abinci cikin daji da manyan motoci. Daga nan mutanen karkara suka ƙara dogara da mota wajen zuwa kasuwa da asibiti.

Motocin da suka faɗo hannun ƴan kasuwa yawancinsu tsofaffi ne: Land Rover da hukumomi da ƙungiyoyin agaji suka yi gwanjonsu, Toyota Land Cruiser samfurin 40 da aka daina ƙerawa a Japan a 1984 da samfurin 70 da ya gaje shi, da manyan motocin Berliet da Mercedes masu gajeren hanci. Karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairu 1994 ya ninka farashin duk abin da ake sayowa daga waje. Sabuwar mota ta ƙara nisa da mai ƙaramin jari, kasuwar tsofaffin motoci da tsofaffin tayoyi ta hanyar Kwatano da Kano ta bunƙasa. A wannan hali, abin da masana'anta take yi da injiniyoyi ya koma hannun bakanike da mai walda da maƙeri. Sarrafa ƙarfen baƙi ba baƙon abu ba ne a wannan birni, inda aka zuba igwa a zamanin Tanimun.

Aikin yana bin matakai sanannu. Tayar asali ta doguwar Land Rover da ta Land Cruiser mai ɗaukar kaya ita ce 7.50-16, mai tsayin kimanin santimita 81. Wadda ake hawa zuwa gare ta ita ce 9.00-16, mai kimanin santimita 91. Domin ta shiga, sai an ɗaga jikin motar: a ƙara falle ɗaya ko biyu a cikin sifirin (lames de ressort), ko a sake lanƙwasa tsofaffin fallayen da guduma, ko a tsawaita marataya da sifirin yake rataye a kanta. Sa'an nan a yanke bakin jikin motar da ke saman taya don kada ya goge ta idan an faɗa rami. In ƙarfen tayar (jante) ya yi ƙunci, a kan tsaga shi a ƙara masa ɗamara a yi walda. A ƙarshe a gyara iyakar juyawar sitiyari, don kada tayar gaba ta riƙa cin sifirin a kwana.

A manyan motoci, gyaran da ya fi muhimmanci shi ne cire tagwayen tayoyin baya a sa guda ɗaya babba, misali 14.00-20 a madadin 12.00-20. Hikimarsa ita ce, ƙafar baya ta bi sawun da ƙafar gaba ta riga ta danne. Tagwayen taya kuwa sabon sawu suke buɗewa, suna tura rairayi a gabansu, dutse kuma yakan maƙale a tsakaninsu ya yage su.

Ribar a fili take. Cikin motar yana ƙara nisa da ƙasa da kimanin santimita 5, abin da yake raba wucewa da kafewa a hanyar da manyan motoci suka zurfafa sawunta. Direba yana samun damar rage iska sosai. Karen mota kuma yana rage haƙa da jan farantin ƙarfe a ƙarƙashin ƙafa.

5. Abin da gyaran yake ci

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ƙarin tsayi daga santimita 81 zuwa 91 ƙari ne na kashi 12 cikin 100. Ƙarfin da injin yake kai wa ƙasa yana raguwa da fiye da kashi 10, saboda haka direba yana daɗewa a ƙaramar giya, injin ya yi zafi, mai ya tafi. Birki ma yana raunana, domin yana tsayar da gare mafi girma da nauyi da ƙarfin da aka auna wa ƙarami. Agogon tafiya yana daina faɗin gaskiya: idan ya nuna kilomita 100, motar ta yi kusan 112. A ƙasar da ake auna tazarar rijiya da rijiya da wannan agogo, kuskuren ba ƙarami ba ne.

Babbar illar tana wajen sandunan ƙarfe da suke juya ƙafafun daga cikin aksul (pont). Idan babbar taya ta yi ta juyawa a rairayi sa'an nan ta kama tauri ba zato, murɗawar tana komawa kan sandar, ita kuwa ba a ƙera ta don haka ba. Kamfanin Land Rover da kansa ya ba mu ma'auni. Lokacin da ya fitar da samfurin 109 mai ɗaukar tan ɗaya a 1968, a kan taya 9.00-16, ya sa mata aksul mafi ƙarfi, ya kuma rage mata giya. Bakanike a garaji yakan yi rabin farko na wannan aiki, wato tayar da ɗagawar, ya bar rabi na biyu saboda kuɗinsa ya fi ƙarfin mai motar. Ga kuma tsayi: motar da aka ɗaga, aka jibga mata buhuna da jarkoki da mutane a sama, tana saurin kifewa a gefen tudu.

A kan kwalta, karyewar sanda asarar yini ce. A cikin hamada magana ce ta rai. A Oktoba 2013 an tsinci gawawwaki 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga cikinsu mutanen Kance ne a wannan jaha. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Mun kawo wannan ne don a ga abin da lalacewar tsohuwar mota take nufi inda babu mai wucewa. Haƙar zinariyar Jado daga 2014, da dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure har zuwa soke ta a Nuwamba 2023, sun tura direbobi zuwa hanyoyi masu nisa da rijiyoyi, inda buƙatar babbar taya take ƙaruwa tare da haɗarinta.

6. Kammalawa

Mun ga cewa matsala ɗaya ce tun 1922: yadda za a rarraba nauyi a kan rairayi. Masana'antun Turai sun warware ta da mota sabuwa wadda aka auna dukkan gaɓoɓinta tare. Kanikawan ƙasar Damagaram sun warware ta da abin da ya samu, suka tsawaita ran motocin da masu su na farko suka yar, suka haɗa kasuwannin daji da birni. Kuɗin da ba a kashe a hanya ba, da wanda ba a kashe a aksul da birki ba, ya koma kan mai motar da fasinjansa.

Wannan ya ɗora mana aiki biyu. Na farko na masu tarihi ne da masu nazarin harshe: a shiga garajojin Damagaram da Tanut da Gure a ɗauki maganar tsofaffin kanikawa da direbobi, da sunayen da suke ba kowane ƙarfe, waɗanda wasunsu daga Faransanci suka zo, wasu kuma daga Ingilishi ta hanyar Kano. Kalmomin da kansu shaida ne a kan inda kayan gyara da gwaninta suka biyo. Na biyu na makarantun koyon sana'a ne da masu duba lafiyar motoci: tun da gyaran ba zai bari ba muddin rairayi yana nan, a koyar da lissafinsa, a kuma riƙa duba aksul da birki na duk motar da aka ɗaga kafin ta ɗauki mutane.